Amsa ga ɗana ɗalibin likita: abin da ya sa na ambaci Olikoye

Assalamu alaikum, ɗana.

Ka tambaye ni a Facebook me ya sa da aka ce in faɗi likitan da ya fi burge ni, na tsallake manyan likitocin tiyata na ambaci marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan ba ka amsa.

Likitan yara ne. Janar Babangida ya naɗa shi ministan lafiya a 1985, ya riƙe kujerar har 1992. Lokacin mu nan Gusau muna ƙarƙashin tsohuwar jihar Sakkwato, ni kuwa ƙaramin ma'aikacin lafiya ne a ƙauye. Shi ya dage cewa kiwon lafiya daga matakin farko yake farawa, ba daga asibitin koyarwa ba. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, a 1988 ƙasar nan ta samu manufar lafiya ta ƙasa.

Abin da idona ya gani shi ne akwatin sanyi na allurar rigakafi ɗaure a bayan babur, da mata zaune kan tabarma a ƙofar gidan maigari, muna koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari. Jaririn da gudawa ta tsotse, maɗigarsa ta lotsa, idanu sun faɗa, uwa tana ɗura masa da cokali kaɗan-kaɗan, kafin la'asar ya kama nono. Irin waɗannan yara ba su taɓa jin sunan Olikoye ba, yau su ne magidanta.

Ga kuma rashin tsoro. Da ƙaninsa, mawaƙin nan Fela, ya rasu a 1997, shi da bakinsa ya sanar cewa cutar ƙanjamau ce, a zamanin da ko sunanta ba a son kamawa.

Bayan tafiyar Olikoye aka yi sakaci, mu kuma muka ɗanɗana kuɗarmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ana ta binne su har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ankarar da hukuma. Wallahi har gobe abin yana ci mini rai. Da ƙananan asibitocinmu na aiki, akwai mai rubuta kowane yaro da ya faɗi da jijjiga, da an farga tun da wuri.

Ban hana ka karanta tiyata ba, muna buƙatar ku ƙwarai. Amma idan aka tura ku aikin ƙauye a makaranta, kada ka sa hannu a takarda ka gudo. Ka kwana can, ka buɗe rajistar awon ciki da ta rigakafi, ka tambayi ungozoma mata nawa suka haihu a gida a watan.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka a wannan aiki,
daga Gusau