Kalmar "nobody" da ɗalibanmu na arewacin Kamaru

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata kalma ta Ingilishi, wato "nobody", wadda na shafe shekaru ina ja mata layi da jan biro a takardun ɗalibaina a nan Garwa.

Ma'anarta ba ta da wuya, domin "ba kowa" take nufi. Asalinta kalmomi biyu ne, "no" da "body", aka haɗe su wuri guda. A yau idan an ce "body" jiki ake nufi, amma a Ingilishin da, kimanin shekara 700 da suka wuce, akan kira mutum da ita, saboda haka "no body" tana nufin babu mutum ko ɗaya. Daga wannan tushe ne 'yan uwanta "somebody" da "anybody" da "everybody" suka fito.

Wahalar tana wajen amfani da ita. Yaranmu da Faransanci suke karatu, Ingilishi kuwa darasi ne daga cikin darussa, ko da yake duka biyun harsunan hukuma ne tun haɗewar ƙasar a 1961. Malami yakan gaya wa yaro cewa "personne" ita ce "nobody", shi kuma yaron ya saba da "je n'ai vu personne", inda kalmar korewa "ne" (wadda ta zama "n'" a nan) da "personne" suke tafiya tare, sai ya ɗauko wannan gini kacokan ya rubuta "I didn't see nobody". A ƙa'idar makaranta kuwa "nobody" tana ɗauke da nata korewar a cikinta, ba ta bukatar wata "not" ta tallafa mata. Ko dai a ce "I saw nobody", ko a ce "I didn't see anybody".

Kwanan baya wani yaro ɗan ajin BEPC, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya kawo mini irin wannan jimla, sai na ajiye biro na tambaye shi da Hausa: "Da ka je shagon babanka da asuba, wa ka tarar?" Ya ce, "Malam, ban tarar da kowa ba." Na rubuta maganarsa a allo, na nuna masa cewa "ban … ba" ita ce "didn't", "kowa" kuma ita ce "anybody", ba "nobody" ba. Ya yi shiru yana kallon allon, can sai ya ɗauki littafinsa ya gyara da kansa. A ganina nan ne muke kuskure mu malamai: muna bi da yaro ta Faransanci, alhali harshen da yake ciniki da shi a kasuwa ya fi kusa da ginin Ingilishi a wannan gaɓa. Hatta idan Bature ya raina mutum ya kira shi "a nobody", abin da Bahaushe yake faɗa ke nan, "shi ba kowa ba ne".

Adalci ne kuma a faɗa cewa jimlar yaron ba shirme ba ce. Turawan da suna tara korewa biyu har uku a jimla ɗaya domin ƙarfafa magana, kamar yadda ake gani a rubutun Chaucer, marubucin waƙoƙin Ingilishi wanda ya mutu a 1400. Masu nahawu na ƙarni na 18 ne suka kafa dokar cewa korewa biyu suna soke juna, kuma littafin Robert Lowth, wanda aka fara bugawa a 1762, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. Har gobe ana jin "I didn't see nobody" a bakin mutane a Amurka da Ingila, sai dai mai gyaran jarrabawa ba ruwansa da wannan tarihi, maki zai zaftare.

Akwai wuri ɗaya da Hausar ma take iya kai yaro ta baro, kuma dole malami ya yi masa gargaɗi. "Kowa" tana sauya ma'ana idan babu korewa: "kowa ya zo" shi ne "everybody came", amma "ba wanda ya zo" shi ne "nobody came". Ni dai nakan rubuta jimlolin nan uku a allo, "kowa ya zo", "ba wanda ya zo", "ban ga kowa ba", in sa su fassara kafin mu buɗe littafi.

Wassalam,
Wani malamin Ingilishi,
Garwa, Kamaru.