Wasiƙa daga Agege kan akwatin kallon husufin rana

Agege, Legas

Aminina Malam Sani,

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga bayanin akwatin da ɗalibai ke haɗawa a nan saboda husufin ranar 6 ga Fabrairu, 2027, wanda zai biyo gaɓar teku ta Abijan da Kwatano ya iso nan kudu maso yamma dab da magariba.

A nemi dogon kwali, almakashi, salatif, farar takarda, allura da ɗan yankin takardar alminiyom ta naɗe abinci. A manna farar takardar daga ciki a ƙarshe ɗaya. A ɗaya ƙarshen a yanka taga biyu: ɗaya a rufe ta da alminiyom a huda da bakin allura sau ɗaya tak, ɗayar ita ce ta leƙawa. Yaro ya ba rana baya, haske ya shiga ta hujin, shi kuma ya dubi takardar.

Tsawon kwalin shi ne magana. Faɗin hoton rana kusan kashi ɗaya ne cikin 109 na tazarar huji zuwa takarda. Kwalin takalmi mai santimita 30 ba zai ba da ko milimita 3 ba, sai yara su ce ba ya aiki. Mai mita ɗaya yana ba da kamar milimita 9, don haka gara a haɗa kwali biyu. Kada su faɗaɗa hujin don neman babban hoto: haske zai ƙaru, amma gefensa zai dagule. In hoton ya yi dishi-dishi, haske ne ke kutsowa ta kusurwa, a toshe da baƙin salatif.

Abin da ya fi damuna shi ne hazo. Rana a ƙasa, ga ƙurar hunturu, sai ta yi kamar ana iya kallonta. Wannan husufin mai zobe ne, wata ba zai rufe ta duka ba, kuma cikin ido ba ya jin zafi lokacin da yake ƙonewa. Tabarau na yau da kullum, gilashin da aka turara da hayaƙi, har kallo cikin kwanon ruwa irin na iyayenmu, duk ba sa kare ido. Don Allah ka hana su leƙa rana ta hujin allurar.

Ku gwada akwatin tun yanzu da la'asar, a wurin da gini bai tare yamma ba.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Bala