Gadon sikila: ɗaya cikin huɗu ba layi ake bi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in gyara wani kuskure da ake yawan yi kan gadon sikila. Kowane yaro yana karɓar ƙwayar halitta ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In iyayen duka AS ne, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar lafiya (A) ɗaya da ta sikila (S) ɗaya, akan ce ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito SS, wato mai ciwon sikila. Sai wasu su ɗauka in ɗan fari ya zo da ciwon, ukun da ke biye sun tsira. Ina! Kowane ciki da nasa lissafin, ba ruwansa da na baya. Ana iya haifar huɗu duk SS, ana iya rasa ko ɗaya. Shi kuwa mai AS galibi garau yake, gwajin jini ne ke tona shi.

Naka,
Wani mai karatu