Ambaliya a Karkara: Gargaɗi Kaɗai Ba Ya Isa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan ambaliyar ruwa, musamman irin ɓarnar da take yi wa mutanen karkara, wadda a ganina ba a lissafa ta yadda ya kamata. Idan ruwa ya ci birni, kafin gari ya waye hotuna sun cika wayoyi, manya kuma sun kama hanyar zuwa jaje. Idan kuwa ƙauye ya ci, sai a yi kwanaki labari bai fito ba, domin hanyar da za a bi a kai labarin ita ce ruwan yake fara yankewa.

Ba wauta ce ta zaunar da manomi a bakin kogi ba. A can ƙasa take da albarka, a can ake samun danshin noman rani, da kifi, da ciyawar dabbobi, kuma laka da ruwa yake bari idan ya janye ita ce takin da talaka ba ya saye. Abin da ya sauya shi ne halin ruwan kansa. Masana sun tabbatar cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tana iya riƙe ƙarin danshi na kimanin kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan da a da yake sauka cikin mako guda yanzu yakan zubo a dare ɗaya. Ga sare itatuwa da ya bar ƙasa tsirara, ga yashi da ya cike koguna, ga kuma madatsun ruwa da ake buɗewa idan sun tumbatsa, alhali na ƙasa da su ba su da labari.

Wanda ya taɓa ganin yadda ginin ƙasa yake faɗuwa ya san ba sai ruwa ya kai ƙirji ba. Ya isa ya kwanta a gindin bango kwana biyu, ƙasar ta sha ta yi laushi, tsaga ta fito, sai cikin dare katangar ta zauna a kan masu barci. Rumbu ma haka yake tafiya, kuma a nan ne asarar mutumin ƙauye ta bambanta da ta ɗan birni. Ma'aikacin da ruwa ya shiga gidansa zai yi asarar katifa da kujeru, amma albashinsa na nan tafe a ƙarshen wata. Manomi kuwa gidansa, da abincinsa, da irin da zai shuka baɗi, da dabbobin da su ne asusunsa, da gonar da ya ci bashi ya noma, duk a wuri ɗaya suke, ruwa ɗaya ne kuma yake kwashe su. Ƙari a kan haka, ambaliya takan zo ne a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa sabo kuma bai nuna ba.

Abin da ya faru a Pakistan a 2022 ya isa misali. Ambaliyar ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700, ta hallaka dabbobi sama da miliyan 1, kuma a lardin Sindh ruwa ya yi watanni kwance a gonaki har wasu manoman suka rasa shukar da ke biye. A wannan shekarar dai Najeriya ta rasa mutum fiye da 600, sama da miliyan 1 kuma suka bar muhallansu. Alƙaluman mamata su ne suke shiga kanun labarai, amma wahalar ƙauye tana farawa ne bayan ruwa ya janye, lokacin da masai ya gauraye da rijiya, kwalara ta ɓarke, sauro ya yi yawa, mace mai naƙuda kuma ta rasa hanyar zuwa asibiti saboda gada ɗaya tak da ke haɗa su da gari ta karye.

Na san hukumomi za su ce suna fitar da hasashe kowace shekara, kuma gaskiya ne suna yi. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ƙaddamar da shiri a 2022 na ganin cewa kowa a duniya yana samun gargaɗin bala'i kafin ƙarshen 2027. To amma sanarwar da ta tsaya a taron manema labarai, ko aka rubuta ta da harshen da mutanen ƙauye ba sa ji, ba ta kai inda aka aike ta ba. Ko ta kai ɗin ma, me take cewa? A koma kan tudu. Tudun wa? Wa zai ba mutum izinin zama a filin wani da iyalinsa da awakinsa, kuma wa zai tsare masa abin da ya bari? Da yawa daga cikin waɗanda ake zargi da taurin kai lissafi suka yi, suka ga cewa barin dabbobi daidai yake da komawa bara, don haka suka zauna.

Bangladesh ta gane wannan bayan ta sha wuya. Guguwar 1970 ta turo ruwan teku kan ƙauyukan gaɓa, ta kashe aƙalla mutum 300,000. Daga baya ƙasar ta horar da dubban 'yan sa-kai daga cikin mutanen ƙauyukan, masu zagayawa da lasifika gida gida, ta gina mafaka masu tsawo da suke zama makarantu a sauran kwanakin shekara, ta kuma tara tuddan ƙasa inda za a kai shanu. Ƙasar ba ta fi sauran arziki ba, guguwa kuma ba ta daina zuwa ba, amma yawan masu mutuwa ya ragu ƙwarai.

Saboda haka roƙona ga masu iko shi ne, tun da rani a zauna da mutanen kowane ƙauye da ke cikin haɗari, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su ne za su nuna ta inda ruwa yake shigowa da inda bai taɓa kaiwa ba. A ware filin tsira na mutane da dabbobi, a ɗaga bakin rijiyoyi, a ajiye iri a wuri mai tudu, a kuma wajabta wa masu kula da madatsun ruwa sanar da na ƙasa da su kwanaki kafin su buɗe ƙofa. Ku kuma 'yan jarida, ina roƙon ku riƙa komawa waɗannan ƙauyuka wata uku bayan ruwa ya janye, ku tambayi mutane ko sun samu irin shuka.

Na gode.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka