Takardar Lamunin Biza Bashi Ce a Wuyan Wanda Ya Sa Hannu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan sharuɗɗan kuɗi da ƙasashen waje suke ƙara tsaurarawa ga duk wanda yake son ya ɗauko matarsa ko 'ya'yansa ko iyayensa su zauna tare da shi a can. Maganar ta daina zama ta mutanen Legas kaɗai, domin a nan Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta na Shika suke yaye likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi kowace shekara, da wuya ka zaga unguwa ba ka tarar da gidan da yake da ɗa a Ingila ko Amurka ko Kanada ba.

A watannin baya wani maƙwabcina, dattijo mai mutunci wanda muka shafe sama da shekara 30 muna haɗa sahu a masallacin unguwa, ya yi sallama a zaurena bayan sallar isha'i, riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa. An ɗaura wa 'yarsa aure da wani yaro mazaunin Amurka, kuma damina biyu ke nan amarya tana ɗakin mahaifiyarta tana jiran biza. Da aka zo matakin da ake neman miji ya nuna abin da yake samu a shekara, sai aka ga bai kai abin da doka ta gindaya ba, domin karatu yake haɗawa da aikin 'yan sa'o'i, aka ce ya nemo wanda zai tsaya masa. Dattijon ya ce da ni: "Malam, don Allah ƙanenka da yake can za ka yi wa magana. Sa hannu ne kawai, ko kwabo ba za mu nema a wurinsa ba." Na karɓi takardun, na sa tabarau, na karanta su da fitilar waya domin an ɗauke wuta, kuma tun ban kai shafin ƙarshe ba na gane cewa abin da yake roƙo ya fi ƙarfin yadda aka bayyana masa shi.

Fom ɗin ana kiransa I-864. Ya samo asali daga dokar shige da fice da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Satumbar 1996, aka fara aiki da shi ranar 19 ga Disambar 1997. Kafin lokacin akwai takardar alkawari da ake cikewa, amma kotunan Amurka sun ɗauke ta a matsayin alkawarin mutunci wanda ba a iya tilasta wa mutum ya cika shi. Dokar 1996 ce ta mayar da abin yarjejeniya tsakanin mai lamuni da gwamnati. Dole mai lamunin ya kai shekara 18, ya kasance ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, mazauninsa kuma ya kasance a Amurka, sannan ya nuna takardar harajinsa ta shekarar da ta gabata, a ga cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin da gwamnatin tarayya take fitarwa kowace shekara. A jadawalin 2024, gida mai mutum biyu yana bukatar dala 25,550 a shekara, mai mutum huɗu kuma dala 39,000. Ƙanena yana da mata da 'ya'ya huɗu, idan aka ƙara amaryar da Inna, wadda ya riga ya yi wa lamuni, sun zama takwas, wato sai ya nuna dala 65,900 shi kaɗai, domin ba a haɗa samun mai tsayawa da na miji a cike gurbi.

Wannan lissafi ba shi ne ya tayar mini da hankali ba. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne tsawon lokacin da nauyin yake ɗauka a wuyan mutum. Wanda ya sa hannu ya yarda zai riƙe baƙon har sai ya zama ɗan ƙasa, ko an lissafa masa zango 40 na aiki, wato kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar baki ɗaya ya rasa izinin zamansa, ko kuma ɗayansu ya rasu. Idan baƙon ya karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, irin su tallafin abinci ko na magani, hukumar da ta bayar tana da ikon ta nemi mai lamuni ya biya ta, shi ma baƙon yana iya maka shi a kotu ya nemi kuɗin ciyarwa. Babban abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne cewa saki ba ya warware wannan alkawari. Mu a nan mun tashi mun ga cewa idan aure ya mutu, mace ta gama idda, ciyarwa ta sauka daga kan miji, ta koma hannun iyayenta. A ƙarƙashin wannan takarda, ko da auren ya mutu bayan wata shida, mijin yana nan da nauyinsa, wanda ya tsaya masa don zumunci shi ma yana nan da nasa, alhali wataƙila bai taɓa ganin yarinyar da idonsa ba.

Washegari na kira ƙanena na karanta masa bukatar kamar yadda aka kawo ta. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Yaya, ka san ba na iya musa maka, amma har yanzu lamunin da na yi wa Inna yana wuyana, kuma yara biyu suna gab da shiga jami'a. Idan na sa hannu a abin da na san ba zan iya ɗauka ba, na yaudari Alhaji, na yaudari kaina." Ban ga laifinsa ba, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma da na kai wa maƙwabcina amsa, sai na ga fuskarsa ta canza, kuma kusan wata guda gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu daga nesa ba. A tunaninsa an hana shi aron alƙalami ne na minti ɗaya. Na tabbata irin wannan ɓacin rai yana faruwa a gidaje da yawa daga Samaru zuwa cikin Birni, ana kiran 'yan'uwan da suke waje marowata ko masu yanke zumunci, alhali ba a san abin da ake neman a ɗora musu ba.

Abin mamaki shi ne, ma'anar lamuni ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya wuce babin lamuni, ya kuma ji hadisin da yake nuna cewa wanda ya yi lamuni shi ne mai biya. Ɗan kasuwa a Sabon Gari ba ya tsaya wa baƙo a ba shi kaya bashi sai ya san gidansu, domin ya san idan baƙon ya ɓace shagonsa za a zo. Da zarar an rubuta wannan lamunin da Turanci aka sa masa lamba, sai mu manta da duk abin da muka sani mu ce sa hannu ne kawai.

A Ingila kuwa, inda aka fi yin sabon tsauri, ƙofar tsayawar ma kusan a rufe take, domin a ƙa'ida ba a karɓar alkawarin wa ko kawu, samun mai ɗauko iyalin ake dubawa. Tun watan Yulin 2012 ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin sai ya nuna fam 18,600 a shekara kafin ya ɗauko matarsa. A watan Disambar 2023 sakataren harkokin cikin gida na lokacin, James Cleverly, ya sanar da niyyar kai adadin fam 38,700, bayan an yi ca a kansa aka ce za a bi mataki-mataki, sai ranar 11 ga Afrilun 2024 aka mayar da shi fam 29,000, gwamnatin da ta hau a Yulin shekarar kuma ta dakatar da ƙarin a nan. Wanda ba shi da albashin da za a lissafa sai ya nuna ajiyar fam 88,500 wadda ta yi wata shida a asusu, kuɗin da ya haura naira miliyan 150. A watan Maris na 2024 kuma aka hana sababbin masu shiga da bizar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya tafiya da iyalansu.

A nan ba zan ɓoye ra'ayina ba. Kowace ƙasa tana da ikon ta ce ba ta son baƙo ya zame wa baitulmalinta kaya, kuma Amurka tana da irin wannan sharaɗi a dokarta tun 1882. Amma a watan Afrilun 2024 mafi ƙarancin albashi a Ingila fam 11.44 ne a sa'a, wanda ya yi sa'a 40 a mako shekara cur bai kai fam 24,000 ba. Ma'anar wannan ita ce mutum yana fita da asuba yana aikin halal, yana biyan haraji, bai taɓa miƙa hannu ba, amma doka ta ce masa bai isa ya zauna da matarsa a ɗaki ɗaya ba. Wannan a ganina rashin adalci ne, kuma yara ne suke shan wahalarsa, waɗanda suke koyon kiran Baba ta fuskar waya.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsananin sharuɗɗan ya buɗe wa dillalan biza kasuwa. Na shiga wani shagon kwamfuta a Tudun Wada domin in yi fotokofi, na ji da kunnena wani yana yi wa wani matashi tayin za a zuba masa kuɗin haya a asusu, a buga takardar banki, a janye su bayan kwana kaɗan, shi kuma ya biya lada. Yaron yana ta gyaɗa kai yana godiya. Bai san cewa a dokar Amurka wanda aka kama ya yi ƙarya a kan muhimmin abu don neman biza haramcin shiga na har abada ne yake hawa kansa ba, kuma samun afuwa a kansa abu ne mai wuya. Dillalin zai ci kuɗinsa ya canza layin waya, yaron ne zai zauna da tabon, ƙila bayan an sayar da gonar gado an biya.

Saboda haka, ya Edita, ina roƙon jaridarka ta ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, inda lauya masanin dokokin shige da fice zai riƙa fassara waɗannan sharuɗɗa da Hausa, tare da sabunta adadin kuɗin duk lokacin da ya canza, tunda na Amurka kowace shekara yake sauyawa. Ina kuma kira ga waliyyai, kafin a sa ranar auren 'yarsu da mazaunin waje, su tambayi yaron wane irin izinin zama yake da shi, da ko samunsa ya kai ya ɗauke ta, kamar yadda ake tambayar sana'a da muhalli a nan gida. Tambaya ce mai nauyi a baki, amma ta fi a bar yarinya shekaru da igiyar aure a ɗakin uwarta.

Ni kam bayan sallar Juma'a na je gidan maƙwabcina da takardun, muka zauna a kan tabarma na fassara masa su layi-layi har muka zo kan maganar saki. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce da shi aka kawo wa ita shi ma ba zai sa hannu ba. Surukin nasa ya kammala karatu ya sami cikakken aiki, yanzu suna tattara takardun albashinsa domin ya yi lamunin da kansa, yarinyar kuma ta koma koyarwa a Islamiyyar unguwa kafin a kira ta ganawa a ofishin jakadanci na Legas.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.