Masu kai mini kaya a babur: ma'aikatana ne ko masu zaman kansu?

Assalamu alaikum Barista,

Ina gaishe ka da ƙoƙari, kai da abokan aikinka na wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Ina da ɗan ƙaramin kamfani na kai saƙo da kaya a kan babur. Mutum ya bugo waya ko ya turo saƙo, mu tura yaro ya ɗauko ya kai. A ofis akwai masu karɓar kira da akawu, su albashi suke karɓa ƙarshen wata. Damuwata tana wajen masu babur. Tun da muka fara, kowa ana biyansa ne gwargwadon saƙon da ya kai. Babu takarda tsakaninmu, magana ce ta fatar baki da amana, kuma a ganina abokan hulɗa ne masu zaman kansu.

Akawun namu ne ya tayar mini da hankali. Yaro ne mai bin labaran duniya, kuma ba ya jin kunyar gaya wa maigida gaskiya. Ya ce mini, "Yallaɓai, sunan da ka ba su ba shi alƙali zai duba ba, yadda kake tafiyar da su zai duba." Ya kawo mini shari'ar Uber da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a watan Fabrairun 2021. Kamfanin ya dage cewa direbobin masu zaman kansu ne, shi kawai haɗa su da fasinja yake yi. Kotu ta ce a'a: tunda kamfanin ne ke yanka kuɗin mota, shi ke tsara sharuɗɗa, shi ke hukunta direban da ke yawan ƙin ɗaukar fasinja, to direbobin sun cancanci mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu. Har lokacin da direba ya kunna manhaja yana jiran fasinja, kotu ta lissafa shi cikin lokacin aiki. A shekarar ce Sifaniya ta yi doka kan masu kai kaya a babur da keke, wadda ta ce a ɗauke su ma'aikata sai in kamfani ya kawo hujjar akasin haka. A 2024 kuma Tarayyar Turai ta zartar da irin wannan ƙa'ida ga ƙasashenta, ta ba su zuwa ƙarshen 2026 su saka ta a dokokinsu.

Na ce masa wannan ai maganar manyan kamfanoni ce. Sai ya fara lissafa mini da yatsa. Rigar da yaran ke sawa sunan kamfanina ne a bayanta. Ni nake yanka farashi, yaro ba shi da ikon ƙara ko sisi. Wanda bai zo da safe ya sa hannu ba, ranar ba ya samun saƙo. Wanda ya ƙi zuwa wuri mai nisa, ana mayar da shi ƙarshen layi. Kuma na hana su ɗaukar kayan wani kamfani muddin rigata na jikinsu. Da ya gama sai na rasa ta cewa, domin duk dokokin nan ni na kafa su, kuma da dalili na kafa su: in ba haka ba aikin ba zai tafi ba. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, shi ya sa na rubuto maka.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne haɗarin da ɗaya daga cikinsu ya yi, mota ta buge shi yana kan hanyar kai kaya, ya karye a ƙafa. Ni na biya kuɗin asibiti daga aljihuna, kuma duk mako ina aika masa da abin cefane. Ban yi don doka ba, yaro ne mai gaskiya. Amma da kawunsa ya zo ofis, ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi godiya sosai, sannan ya tambaye ni a hankali ko akwai inshorar da za ta biya yaron in ƙafar ba ta koma daidai ba. Bai yi faɗa ba, bai ambaci kotu ba. Amma na gane cewa wani ya wayar masa da kai. To Barista, taimakon da na yi zai iya zama hujja a kaina cewa na amince ma'aikacina ne? In na ci gaba da aika kuɗin, ina ƙara ɗaure kaina ne? In kuma na daina, da wane ido zan kalli sauran yaran?

Sai maganar cin zarafi. Akwai wani kwastoma da ya mayar da layinmu wurin yi wa ɗaya daga cikin masu karɓar kira maganganun banza. Babban kwastoma ne, kusan kullum yana da saƙo. Ni a sanina mai kamfani yana da alhakin abin da ma'aikacinsa ya aikata ne kawai. Akawu ya ce yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019, ta haɗa har da cin zarafin da ke zuwa daga kwastoma, da wanda ake yi ta waya, da wanda ya faru a hanyar zuwa aiki, kuma ba ta bambanta mai takardar ɗaukar aiki da marar ita ba. A Birtaniya tun watan Oktoban 2024 wajibi ne mai kamfani ya ɗauki matakin rigakafin cin zarafi mai alaƙa da lalata kafin abin ya faru, in bai yi ba kotun ma'aikata na iya ƙara masa diyya har kashi 25 cikin ɗari. Na riga na mayar da kiran mutumin kan wayata, yarinyar ta huta. Shin wannan ya wadatar, ko sai na rubuta ƙa'ida na manna a bango, ko ma in sallami kwastoman gaba ɗaya?

Akwai kuma batun saƙon dare. Nakan tura jadawalin gobe a zauren WhatsApp bayan sha ɗaya, in ga wanda bai amsa ba in kira shi. Faransa ta ba ma'aikata 'yancin kashe waya bayan tashi daga aiki tun 2017, Ostareliya ta bi sahu a 2024. Wannan bai dame ni sosai ba, zan iya turawa da yamma.

Gaskiyar magana, ba gudun haƙƙin kowa nake yi ba. Amma ina ganin masu tsara waɗannan dokoki kamfani mai lauyoyi da sashen kula da ma'aikata suke hangowa, ba irina da ni ne manaja, ni ne mai sasanta rigima, wani lokaci ni ne mai ɗaukar waya ba. In na mayar da kowa mai albashi da fansho da inshora da hutu, sai na rage kusan rabinsu, kuma su kansu yaran da na tuntuɓa ra'ayinsu ya rabu. Masu iyali suna son albashi tsayayye. Samarin sun fi son a bar su yadda suke, domin ranar da aiki ya yi yawa suna samun abin da albashi ba zai ba su ba.

Don haka ina roƙon ka haska mini. Zan iya raba su gida biyu, masu so su zama ma'aikata da takarda, sauran in sassauta musu dokokina su zama masu zaman kansu na haƙiƙa? In zan rubuta yarjejeniya yanzu, shekarun baya da suka yi ba takarda za su shiga lissafi? Kuma in ƙarfina bai kai in yi komai lokaci ɗaya ba, da wanne zan fara, inshorar haɗari ko takardar ɗaukar aiki? Kawun yaron ya ce zai dawo ƙarshen wata, ina so in san abin da zan gaya masa.

Don Allah a sakaya sunana. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka,
Mai bibiyar filinka a kullum