Kayan tarihin bakin ruwa: daga ƙarƙashin ruwa gyara yake farawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in taɓo wani fanni na kayan tarihi da ba mu cika zama a kansa ba. Da an ce kayan tarihi, hankalinmu kan tafi ga ganuwa da ƙofofin gari da fadar sarki. To akwai biranen da dukiyar tarihinsu a bakin ruwa take: gadoji, hanyoyin ruwan da aka haƙa da hannu, irin waɗanda manoman rani ke kira kanal, da kwata inda jirage ke sauke kaya, da ƙofofin da ke riƙe ruwa. Zan ɗauki Amstadam ta ƙasar Holan misali, saboda a 'yan shekarun nan ta sha wuya a kan wannan batu, kuma injiniyoyinta ba su ɓoye abin da suka gano ba.

Garin ya samo sunansa daga madatsar da aka yi wa kogin Amstel, kuma takarda mafi tsufa da ta ambace shi ta shekarar 1275 ce. A 1613 aka fara haƙa manyan kanal uku da suka yi wa tsohon gari ƙawanya, wato Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, aka ƙarasa zagayen bayan 1660. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin kayan tarihin duniya. Yau kanal ɗin garin sun haura kilomita 100 idan aka haɗa tsawonsu, gadoji kuwa sun fi dubu.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne ƙasar wurin ba ta iya ɗaukar gini. Laka ce da ruɓaɓɓen ciyayi, sai an nutsa kimanin mita 12 zuwa 13 kafin a taɓa yashi mai ƙarfi. Don haka magina na da sukan kafa dogayen turakun itace, su yi ta dukansu da guduma mai nauyi har bakinsu ya kai ga yashin. Tsohon zauren majalisar gari da aka fara ginawa a 1648, wanda yanzu fadar sarki ce, yana zaune a kan turaku 13,659. Haka tsofaffin gadoji, haka tsofaffin bangon kwata.

Ga yadda ake haɗa bangon kwata, domin sai an san sassansa za a gane inda yake lalacewa. Ana jera turaku layi uku ko fiye, daga bakin ruwa zuwa cikin tudu, kaurin kan kowanne bai cika wuce santimita 25 ba. A kan kawunansu a gicciya gungumen katako, kamar yadda ake ɗora azara a kan bango. A kan gungumen a shimfiɗa faffaɗan katako ya zama daɓe. A kan daɓen ne ake tayar da bangon jan bulo, a rufe samansa da sassaƙaƙƙen dutse. Sannan akwai shingen katako da ake kafawa a ƙasa domin ya tare ƙasar titi kada ta zurare cikin ruwa. Mai tafiya a titi bulo da dutse kawai yake gani, alhali nauyin duka yana kan itacen da ya shekara ɗari ko fiye a nutse.

Mutane kan yi mamakin yadda itace ke daɗewa haka a ruwa. Dalilin shi ne funfunar da ke ruɓar da itace tana buƙatar iska. Muddin kan turken yana nutse dare da rana, ba ta samun abin yi. Amma in ruwan ƙasa ya ja baya, ko da na 'yan watanni ne a kowace shekara, kan turken ya sha iska, to ruɓa ta samu ƙofa, kuma daidai wurin da nauyi yake sauka take ci. Shi ya sa mutanen Amstadam ba sa wasa da ma'aunin ruwa. Tun wajen 1683 magajin garinsu Johannes Hudde ya sa aka kafa duwatsu masu alama a ƙofofin ruwa, daga nan ma'aunin da ake kira NAP ya samo asali, wanda ƙasar ke auna tsawon komai da shi har yau. Ruwan kanal ɗin ana riƙe shi kimanin santimita 40 ƙasa da ma'aunin NAP, ba a barinsa ya yi ta hawa da sauka yadda ya ga dama.

Nutsewar ma ba ta isa kariya gaba ɗaya ba. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke cin itace ba tare da iska ba, a hankali, daga waje zuwa ciki. Sukan mayar da naman itacen da ke bin ɓawo ya yi laushi kamar soso, tsakiyar kuma ta rage da ƙarfinta. Turke mai kaurin santimita 22 da ya rasa santimita 3 ta kowane gefe ya koma 16, kuma in aka yi lissafin faɗin da ya rage mai ɗaukar nauyi, kusan rabi ya tafi. A ido lafiyarsa ƙalau. Sai mai nutso ya shiga, ya soka masa ƙarfe ya auna zurfin laushin, ko ya huda ya zaro siririn samfuri a kai ɗakin gwaji.

Ranar 1 ga Satumba 2020 wani yanki na bangon kwatar Grimburgwal, kimanin mita 20, ya rufta cikin ruwa a tsakiyar gari, kusa da ginin jami'a. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni. Binciken da aka yi ya nuna abubuwa da dama ne suka taru. Ƙasan kanal a daidai wurin ya yi zurfi fiye da yadda ya kamata, kuma ana danganta hakan da jiragen da ke juyawa a nan, farfelarsu tana kwashe lakar da ta riƙe ƙafafun turaku. Ginin bangon a wurin siriri ne, layin turakunsa bai kai na sauran wurare ba. Bangon yana da tsofaffin tsaga. Aikin sabunta shimfiɗar titi da aka yi a kansa kuma ya zama turawar ƙarshe. A ganina batun farfela shi ne darasin da ya fi girma, domin turke yana tsayawa ne da ƙasar da ta rungume shi. In aka kwashe mita ɗaya ta gefen ruwa, ƙasar titi tana ci gaba da turo bango daga baya, turken ya fara lanƙwasa, gungumen da ke kansa ya tsage, daga nan sai yadda hali ya yi.

A ƙara da nauyin zamani. An gina waɗannan kwatoci ne domin amalanke da keken doki, kaya masu nauyi kuwa ta ruwa suke bi. Yanzu motar shara da motar siminti ke bi ta kai, ƙananan motoci na kwana a bakin bango, saiwar manyan bishiyoyi na kutsawa cikin bulo. Fashewar bututun ruwa a ƙarƙashin titi ma babbar masifa ce, saboda ruwan yakan wanke yashi ta ramukan shingen katakon nan, titi ya zama ƙwarya, sama lafiya ciki fanko.

Hukumar birnin ta ware gadoji sama da 800 da bangon kwata kimanin kilomita 200 domin bincike da gyara, aikin da aka yi kiyasin zai ci kuɗi wajen Yuro biliyan 2 kuma ya ɗauki shekaru masu yawa. Tsarin da suke bi ya burge ni saboda ba da rushewa suke farawa ba. Da farko awo: a manna alamomi a jikin bango a riƙa auna motsinsu da milimita, a haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna inda ƙasa ke sauka. Bangon da ke motsi a hankali kuma daidai wa daida bai kai wanda motsinsa ke ƙaruwa wata bayan wata haɗari ba. In an ga alama, sai a sauke masa nauyi: a hana ajiye motoci, a rufe wa manyan motoci hanya, wani lokaci a sare bishiya, ko da mazauna unguwa za su yi ƙorafi. A tsakiyar garin, motar da ta haura tan 7.5 sai da izini take shiga. In hakan bai isa ba, a kafa jerin falankan ƙarfe a cikin ruwa, 'yan mitoci gaban bangon, a cika tsakaninsu da yashi ya tokare shi. Ba kyan gani, kuma yana cin faɗin kanal, amma yana sayen lokaci. Sabuntawa ita ce ta ƙarshe: a sa turakun ƙarfe ko na kankare, a mayar da fuskar bulo da dutsen sama yadda suke.

Kuskuren da magina ke yawan yi a tsohon bulo, a ko'ina, shi ne cike tsaga da siminti mai ƙarfi. Tsohon gini da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka yi shi, mai ɗan sassauci, mai barin danshi ya fita. Siminti ya fi bulon tauri, yana kulle danshi a ciki, sai bulon ya riƙa ɓarewa simintin na nan daram. A gadar baka kuwa, wato mai lanƙwasa kamar bakan gizo, tsagar da aka gani a saman bakan sau da yawa saƙo ne daga ƙasa: ƙafar gadar ce ta ja gefe. Wanda ya shafe tsagar bai duba tushe ba, baɗi zai dawo ya tarar da ita.

Sai ƙofofin ruwa. Abin da ke ɗaga jirgi daga ruwa mai ƙasa zuwa mai bisa, ni zauren ruwa nake kiransa, domin kamar zaure yake, ƙofa gaba ƙofa baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe 'yan tagogin da ke jikin ƙofar gaba ruwa ya kwararo har ya daidaita, sannan a buɗe ta ya wuce. A ƙasar Sin aka fara yin irinsa a shekarar 984. A yawancin na yanzu, kowace ƙofa ganye biyu ce da ke haɗuwa su yi tsini suna fuskantar ruwa mai bisa, yadda ƙarfin ruwan da kansa ke matse su. Ba a buɗe ta da ƙarfin tsiya: ganye mai faɗin mita 3 da ke nutse mita 3, in bambancin ruwan ɓangarorin biyu santimita 10 ne kacal, turin da ke kansa ya kusa tan ɗaya. Kowace wucewa kuma tana cin ruwa. Zaure mai tsawon mita 30, faɗin mita 6, da ke ɗaga jirgi mita 2, yana zubar da lita 360,000 zuwa ƙasa, abin lura ne a inda ruwa ke ƙaranci. Ƙofar katakon oak, wani itace mai ƙarfi na Turai, takan yi kimanin shekara 25 kafin a sauya ta, kuma a Holan ana yawan amfani da katakon ekki na dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya saboda jurewarsa. Haɗarin da matuƙa suka fi tsoro shi ne dokin ƙofa, wato tudun da ke ƙasan ƙofar da ke ɓangaren ruwa mai bisa. In ruwa na sauka gindin jirgi ya hau kansa, goshin ya ci gaba da yin ƙasa, cikin mintuna jirgi ya nutse.

Kowace ƙofa tana jawo wani aikin. Da aka gama ƙofofin Oranjesluizen a 1872, garin Amstadam ya rabu da cikowa da janyewar teku da ke wanke masa kanal, sai wari ya dame shi, dole aka gina tashar famfo ta Zeeburg a 1879 domin tura sabon ruwa. Katafaren zauren ruwa na IJmuiden, inda hanyar jiragen Amstadam ta haɗu da teku, wanda aka buɗe a 2022, mai tsawon mita 500 da faɗin mita 70, shi kuma ruwan gishiri yake shigowa da shi duk lokacin da aka yi amfani da shi.

An taɓa ganin kanal a matsayin cikas. A 1954 shugaban 'yan sandan Amstadam ya kawo shawarar a cike wasu a yi tituna, jama'a suka ƙi. Milan ta Italiya ta rufe nata na cikin gari wajen 1930. Utrecht ta Holan ta mayar da wani yanki na nata babban titi a shekarun 1970, daga baya ta fasa titin ta sake haƙawa, ruwa ya dawo a 2020. Kuɗi biyu kenan a kan rami ɗaya.

Mu ma muna da namu, ko da ba su kai waɗancan yawa ba: gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da aka yi a Zungeru a 1904, wadda yanzu take lambun Gamji a Kaduna, tsohuwar kwatar Baro inda kayan layin dogon da ya iso Kano a 1911 suka sauka daga jiragen ruwa, tsohuwar gadar Makurɗi ta 1932, da zauren ruwan da aka gina tare da madatsar Kainji domin jirage su wuce. Namu galibi ƙarfe ne da dutse da kankare, don haka tsatsa da zaizayar gindi ne abokan gabarsu. Roƙona ga hukumomin da ke kula da su shi ne a riƙa duba ƙafafunsu kowace shekara a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya fi ja baya, a auna zurfin kogi a gindin kowace ƙafa a rubuta, a kwatanta da na bara. A kankare tsatsa har ƙarfe ya fito kafin a shafa fenti, musamman a mahaɗai da kan ƙusoshi inda ruwa ke kwanciya. A rubuta iyakar nauyi a bakin kowace tsohuwar gada, a kuma sa mai tsare dokar. Sannan a shata wa masu haƙar yashi iyaka nesa da ƙafafun gada, sama da ƙasa, domin abin da farfela ta yi wa Grimburgwal shi shebur da kwale-kwale ke yi wa gindin gada.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu, injiniyan gine-gine,
Kaduna.